HARSHEN DAMO A KACICI-KACICI: NAZARIN "DUTSE" DA "FARI" DAGA ƘASAR GWARAM

Gabatarwa

A duk cikin sassan adabin bakan Hausa, ban ga wanda marubutanmu suka yi wa riƙon sakainar kashi kamar kacici-kacici ba. Karin magana kowa yana yayyafa shi a littafinsa kamar gishiri a miya, kirari da habaici da baƙar magana su ma suna samun mazauni, amma shi kacici-kacici an bar wa yara da shafin ƙarshe na littafin firamare. Ko waɗanda suka damu da shi a cikinmu, iyakar abin da suke yi shi ne tattara na da. Da wuya ka sami wanda ya zauna ya ƙirƙiro sabo.

Wannan ne ya sa na yi murna ƙwarai lokacin da wani matashi ɗan ƙungiyarmu, malamin firamare daga ƙasar Gwaram, ya kawo mini rubutun hannu na kacici-kacici guda 40 waɗanda ya ƙaga da kansa. Niyyarsa ita ce ya kai su Kano a buga masa da kuɗin aljihunsa, kuɗin da ya daɗe yana tarawa daga ɗan albashinsa, kuma ya nemi in gaya masa gaskiya kafin ya zuba su. Na ce masa kacici-kacici ba a auna shi a kan tebur, sai a gaban jama'a. Saboda haka muka kai su zaman karatu da muka yi a Birnin Kudu. Da izininsa zan yi sharhi a kan guda biyu, domin abin da ya faru da su ya shafi duk wanda ke wasa da kalmomi a rubuce, ko marubucin waƙa ne, ko na zube, ko na wasan kwaikwayo.

Matsayin wannan irin kacici-kacici

Idan mai karatu ya duba kacici-kacicin da muka gada, zai ga yawancinsu iri biyu ne. Akwai na siffantawa, inda ake ɗauko abu a sa masa rigar wani abu, kamar "Baba na ɗaka gemu na waje" (wuta da hayaƙi), ko "Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya" (tsintsiya). Akwai kuma na amo, inda sautin maganar kaɗai ke nuna siffar abin, kamar "Ƙulun-ƙulufit" da kowane yaro ya san gauta ne. Su ne suka fi yawa a abin da Turawan farko suka tattara, irin su Merrick a 1905, da Frank Edgar tsakanin 1911 da 1913, da Fletcher a 1912, kuma su ne dai ake maimaitawa a littattafan makaranta har yau. A duk waɗannan, amsar abu ce guda ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa.

Shi kuwa malamin namu wata hanya ya bi. A nasa, amsar kalma ce, kuma kalmar mai harshen damo ce, wato tana ɗauke da ma'ana biyu ko fiye, kowane layi na kacici-kacicin yana nuni ga ma'ana ɗaya daga ciki. Wannan salo ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun zaure. Malaman balaga suna da abin da suke kira tauriya, wato a faɗi kalma mai ma'anar kusa da ma'anar nesa, mai sauraro ya ruga ga ta kusa alhali ta nesa ake nufi. Hariri na Basra, wanda ya rasu a 1122, ya gina maƙama ta 32 daga cikin maƙamominsa 50 a kan wannan dabara: an yi wa gwarzon labarin tambayoyin fiƙihu 100, kowace amsa da ya bayar in ka ɗauke ta a ma'anar kusa sai ka ce ya yi ɓarna, in ka gano ta nesa sai ka ga daidai ya faɗa. Malamanmu sun daɗe suna karantar da wannan littafi a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato. Abin da bai yawaita ba shi ne a yi irin wannan da Hausa tsantsa, a kuma tsara shi a matsayin kacici-kacici. A nan ne ƙoƙarin wannan matashi yake.

Yadda aka warware na farko

Ga yadda ya karanta mana shi:

Amarya ta rataya ni a wuya,
Uwargida ta durƙusa a gabana,
Mai wanki ya cika mini ciki da garwashi,
Gwamna kuwa a cikina yake kwana.
Wane ne ni?

Mu goma sha ne a wurin, kuma akwai masu digiri a harshen Hausa a cikinmu, amma muka yi ta lalube kamar makaho a kasuwa. Wani ya ce laya. Laya ta buɗe layin farko, ta tsaya nan. Wani ya ce kasko, domin ana durƙusawa a gabansa kuma ana zuba masa garwashi, amma da aka tambaye shi yadda amarya za ta rataya kasko a wuya sai wuri ya ɗauki dariya. Wani ya kama layin ƙarshe ya ce gado. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta wanda duk muke kira Baba, ya ce murhu. Yanzu da na san amsar, na ga Baba ya fi kowa kusa, domin murhun gargajiya duwatsu uku ne, amma shi ma a kan layi biyu kawai ya tsaya.

Da aka gaji sai wani ya bi al'ada ya ce, "To Malam, na ba ka gari." Malamin ya ce, "Wanne?" Ya ce, "Tun da kai mutumin Gwaram ne, na ba ka Farin Dutse." Malamin ya yi ƙoƙarin ɓoye murmushi bai iya ba. Wata malama da ke gefe, wadda tun farko ba ta ce uffan ba, ta lura da wannan, sai ta ce a dakata kada ya karɓi garin tukuna. Ta ce, "Ni tun ɗazu layin gwamnan nan nake juyawa. Gwamnanmu dai a Dutse yake kwana. Mai wanki dutsen guga yake zuba wa garwashi. Uwargida a gaban dutsen niƙa take durƙusawa. Amarya kuwa dutsen wuya take ratayawa. Malam, dutse ne." Aka yi tafi, Baba ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan, kin fanshe mana gari."

Sunan Farin Dutse da ya faɗo katari ne kawai, kuma ba a gina nazari a kan katari. Abin lura shi ne hanyar da malamar ta bi. Mu duka mun tsaya neman abu guda wanda zai shiga wuya, ya ɗauki wuta, ya kuma ɗauki gwamna, alhali babu irin wannan abu a duniya. Ita kuwa da ta ga babu, sai ta bar neman abu ta koma neman suna. Sa'an nan ba ta fara da layin da ya fi faɗi ba. Abubuwan da amarya ke ratayawa suna da yawa, haka ma abubuwan da mace ke durƙusawa a gabansu, amma inda gwamna ke kwana bai wuce biyu ko uku ba: gado, ɗaki, gidan gwamnati, ko babban birnin jiha. Ta ƙofar da ta fi ƙunci ta shiga, sa'an nan ta ɗauki abin da ta samo ta gwada shi a sauran ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya gamu da kacici-kacici mai harshen damo, wannan ita ce hanyar.

Abin yabo da abin gyara

Abu na farko da ya ba wannan kacici-kacici armashi shi ne adalci. Kalma ɗaya ce tak, ana furta ta iri ɗaya a duk wuraren huɗu, kuma babu wata kalma da za ta yi mata kishiya. Mun gwada, ba mu samu ba. Wanda ya kasa ba zai ce an zalunce shi ba, sai dai ya dafa goshi ya ce ai na sani.

Na biyu shi ne jerin layukan. Ya fara da na cikin ɗaki, ya fito tsakar gida, ya fita bakin titi wurin mai wanki da guga, sa'an nan ya yi tsalle zuwa gidan gwamnati. Layuka biyu na tsakiya tarko ne da aka ɗana da gangan, domin durƙuso da garwashi suna jan hankali zuwa madafi, kuma can ne kasko da murhu suka kama mutanenmu. Wannan ita ce ma'anar kusa da malaman balaga ke faɗa. Layin ƙarshe shi ne ya rushe ta, kuma shi ne mabuɗi.

Na uku, kacici-kacicin yana da gida kuma yana da ranar haihuwa. Kafin 27 ga Agusta 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Birnin Kudu da Gwaram a cikin Jihar Kano suke, gwamnansu kuma a Kano yake kwana. Da an yi wannan tambaya a 1990, layin ƙarshe ba shi da ma'ana. Haka kuma in ka kai shi Maraɗi ko Sakkwato a yau, mai sauraro zai wahala kafin ya tuna da Dutse. Wasu za su ce wannan rauni ne. Ni ban ɗauke shi haka ba, domin adabin baka kullum da ƙurar garinsu yake tafiya. Sai dai ya kamata marubucin ya san iyakar inda kibiyarsa za ta kai.

Akwai wani abu da na fara ɗauka aibi ne, daga baya na gane gwaninta ce. Kacici-kacicinmu na gado ba su cika sa abin da ake nema ya yi magana da bakinsa ba. Wannan "ni" ɗin ya fi kama da na littattafan Turanci na firamare, kuma har na ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro. Da na zauna zan mayar da shi yadda aka saba, sai na ci karo da jinsi. Dutse namiji ne, amma sunan gari a Hausa mace ne, shi ya sa muke cewa Dutse ta cika, Gwaram ta yi nisa. In na ce "amarya ta rataya shi", dole in ce "gwamna na kwana a cikinta", kuma da na yi haka asiri ya tonu ko kuma nahawu ya karye. Amma "ni" da "mini" da "gabana" da "cikina" ba su nuna namiji ko mace. Ke nan marubucin ya ari wannan salo ne domin buƙata, kuma aron da ya biya buƙata ba abin zargi ba ne.

Inda ya yi tuntuɓe shi ne wutsiyar, wato "Wane ne ni?" Da farko ba a buƙatarta, domin mai sauraron Hausa ya san tambaya ake yi masa. Na biyu, "wane ne" na mutum ne kuma na namiji, saboda haka ta ɓata abin da sauran layukan suka yi wahalar ɓoyewa, kuma ta karkatar da mai amsa ta hanyar da ba ta dace ba. A yanke ta. Wani ɗan ƙaramin abu kuma, mata sun fi cewa duwatsu idan suna maganar abin wuya, amma tun da "dutsen wuya" yana nan a bakin mutane, wannan bai kai a kai ƙara ba.

Wani daga cikinmu ya ba da shawarar a ƙara layi saboda Birnin Kudu, wai a ce "shanu sun tsufa a jikina ba su taɓa kiwo ba." Yana nufin zane-zanen shanu na mutanen da, waɗanda ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe da Dutsen Murufu, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950, tare da duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Layin yana da daɗi, kuma duk ɗan Birnin Kudu zai yi alfahari da shi. Amma ban goyi bayan a cusa shi a nan ba. Shi siffantawa ne irin na "Baba na ɗaka", bai ƙaro wata sabuwar ma'ana ta kalmar ba, kuma zai sauƙaƙa amsar ga duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Mesa. Ya cancanci ya tsaya da ƙafarsa a matsayin kacici-kacici mai zaman kansa. Gwanintar na malamin ita ce bai ambaci dutse irin wanda ake hawa ba ko sau ɗaya, alhali kuwa a tsakiyar duwatsu muke zaune.

Na biyu: inda gizo ya yi saƙa

Ga na biyun:

Na zo, manomi ya ɗaga kai sama,
Na sauka, manomi ya ɗora hannu a ka,
An haife ni, inna ta ƙi kiran sunana,
Ranar Juma'a liman ya sa ni ya hau mumbari.

A ido wannan ya fi na farko kyau. Layuka biyun farko suna tafiya tare kamar tagwaye, kuma duk wanda ya ga shekarun 1973 da 1984 a ƙasar nan, ko ya ji labarinsu wurin iyaye, ya san irin kallon da manomi ke yi wa sama idan ruwa ya ɗauke. Layi na uku ya taɓo kunyar ɗan fari, al'adar da har yanzu tana da ƙarfi a ƙauyukanmu. Tun da mun riga mun koyi hanya, ba a daɗe ba wani ya ɗauki biro ya rubuta haruffa huɗu a takarda ya ɗaga: fari. Fari na rashin ruwa, fari jam'in fara, fari na ɗan fari, fari na tufa. Aka fara tafi.

Sai Baba, wanda idonsa ya yi rauni bai ga takardar ba, ya ce, "Me ya rubuta? Ku faɗa mini." Wanda ya rubuta ya buɗe baki ya faɗi fari irin na launi. Baba ya ce, "To wannan na liman ne. Ina na manomin?" Aka faɗi na rashin ruwa. Ya ce, "Wannan kuma ai wata kalma ce daban. Ɗana, tambaya ɗaya ka yi mana ko huɗu?" Wuri ya yi tsit.

Gaskiyar Baba ce. Mai karatu ya furta su da kansa ya ji. Fari na launi, gaɓar farko gajera ce, kuma duk gaɓoɓin biyu da karin sama ake faɗarsu. Fari na rashin ruwa, gaɓar farko gajera ce, amma murya tana farawa sama ta sauka ƙasa. Fari na ƙwari, gaɓar farko doguwa ce, murya tana farawa ƙasa ta hau sama. Fari na farko, gaɓar farko doguwa ce, murya tana farawa sama ta sauka. Kalmomi huɗu ke nan, babu biyu a cikinsu da kunnen Bahaushe zai rikita. Wanda ke shakka ya je Farin Dutse ya kira sunan garin da karin fari na rashin ruwa, ya ga irin kallon da za a yi masa.

Bayan wannan akwai ƙananan ramuka biyu. Wanda inna ke jin kunyar sunansa "ɗan fari" ne, kalmar fari ita kaɗai ba ta nufin yaron, saboda haka layi na uku ya ci rabin amsa ne kawai. Haka kuma yawancin mutane a yau "fara" suke cewa ko da garke guda ce ta sauka a gona. Jam'in nan yana nan a ƙamus da bakin tsofaffi, amma yaran da malamin ke koyarwa ba lalle su san shi ba.

Laifin wane ne?

Kada mu ɗora wa matashin nan laifin duka, domin rubutun da muka koya masa shi ya yaudare shi. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali kuma ba ya nuna karin sauti. Tun ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya tsara a 1912 ake tafiya a haka. A shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya, an shigo da haruffa masu lanƙwasa, waɗanda suka raba baki da baƙi, amma ba su raba baƙi na launi da baƙi na masu zuwa ziyara ba. Bayan taron Bamako na 1966 'yan'uwanmu na Nijar sun yi zamani suna ninka wasali domin nuna tsawo, kafin taron Yamai na 1980 ya daidaita rubutun ƙasashen biyu. Ajami ya fi boko a wannan fanni ɗaya, domin yana nuna dogon wasali da alif ko wawu ko ya, ko da yake shi ma ba ya nuna kari. Sai a ƙamus, irin na Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, mutum zai ga an rarrabe su da alamomi.

A karatun yau da kullum wannan bai cika kawo matsala ba, domin jimla tana nuna wanda ake nufi. Wanda ya karanta "ya kwanta a kan gado" ba zai ɗauka dukiyar mamaci ake nufi ba. Amma amsar kacici-kacici ita kaɗai take tsayawa ba jimla, kuma a nan ne rubutu ke nuna mana tagwayen ƙarya: baba na uba da baba na rini, wuya na jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta miya. Marubucin da ya saba da biro fiye da dandali zai ɗauka ya tsinci dami a kala. Yanzu da yawancin hirar matasa ta koma rubutu a wayar hannu, inda ko lanƙwasar ma ba a damu da ita ba, wannan ruɗu ƙaruwa yake yi.

Ba ina cewa kunnen Bahaushe ba ya yarda da wasa da kalmomi masu kama da juna ba ne. Shaida tana cikin al'adar kacici-kacicin kanta. Muna yara, idan aka ce wa wani "na ba ka gari", akwai shaƙiyyin da zai ce, "Na tuwo ko na sarki?" Kowa ya san gari na tuwo dogon wasali gare shi, na sarki kuma gajere, amma karinsu ɗaya ne, kuma dariyar tana fitowa ne daga sanin cewa da gangan ya karkace. Wato kunne yana yafe bambanci ɗaya idan raha ake yi, kuma kowa ya ji duka kalmomin biyu an furta. Abin da ba ya yafewa shi ne a tara kalmomi huɗu da suka saɓa a tsawo da kari, a ce wa mutum ya faɗe su da baki ɗaya.

Shawara ga marubucin da sauran 'yan'uwa

Da na koma gida na bi sauran 38 ɗin da wannan ma'auni, ina karanta kowace amsa da ƙarfi a kan kowane layi. Kusan rabi sun tsaya da ƙafarsu kamar na dutse. Mafi kyawunsu waɗanda aka gina a kan aikatau ne da sassan jiki, domin nan ne Hausa ta fi arzikin ma'ana. Dubi "ci" kawai: yarima ya ci sarauta an buga tambari, ɗalibi ya ci jarrabawa an yi walima, wuta ta ci rumbu an yi jaje, aboki ya ci amana an raba hanya. Kalma ɗaya ce, furuci ɗaya, ga farin ciki ga baƙin ciki. Haka "sha" da "ido" da "hannu". Wanda ya shiga wannan rumbu ba ya buƙatar aron tagwayen ƙarya.

Sauran rabin irin na fari ne. Ban ce ya yaga su ba. Abin da na gaya masa shi ne ya ware su a wani babi dabam, ya kira su da sunansu na gaskiya, wato kacici-kacicin ido ko wasan rubutu, ya kuma bayyana a gabatarwa cewa a takarda ake amsa su. In ya yi haka za su zama kayan aiki mai kyau a aji, domin yaron da aka sa ya furta fari huɗu ya rarrabe su ya koyi karin sauti da tsawon wasali fiye da wanda aka cika wa allo da ƙa'idoji. Amma in ya gwamutsa su da na kunne ya buga a matsayin kacici-kacicin Hausa, ranar da wata kaka a Sara ko Basirka ta sa jikanta ya karanto mata, littafin zai sha kunya, kuɗinsa kuma sun riga sun tafi. Ya karɓi shawarar, ko da yake na ga ransa bai so ba, domin na fari shi ne wanda ya fi ƙauna a duk cikinsu.

Ga sauran 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, abin da wannan zama ya koya mana bai tsaya a kan kacici-kacici ba. Duk inda za ka yi wasa da kalma, ko a amsa-amon waƙa, ko a bakin wani ɗan wasa, ko a sunan littafi, ka rufe takardar ka faɗe ta da ƙarfi a gaban wanda bai ga rubutun ba. In ya yi dariya ko ya gyaɗa kai, ka samu. In sai ka nuna masa takarda kafin ya gane, to ka san da haruffa ka yi wasa, harshen kuwa ba ka taɓa shi ba.

Kammalawa

Ina yi wa wannan malami fatan alheri, kuma ina roƙon reshen ƙungiyarmu ya taimaka masa da duba rubutun kafin ya tafi maɗaba'a. Ya buɗe wata ƙofa da muka daɗe muna wucewa ta gabanta. Kafin in ajiye alƙalami, tun da an ce mai koyar da iyo ba ya tsayawa a tudu, ga nawa ƙoƙarin, kuma na gwada shi a kunnen Baba ya wuce:

Kogi na da shi bai taɓa magana ba,
Wuƙa na da shi ba ta san ɗanɗano ba,
Kasuwa na da shi ba ta taɓa taya kaya ba,
Dattijo ya sa nasa, rigima ta mutu.

Wanda ya gano ya aiko wa edita kafin fitowa ta gaba. Wanda ya kasa kuma ya ba ni gari, amma ban da Farin Dutse, domin wannan malama ta riga ta fanshe shi. Allah Ya sa mu dace, amin.